Filtar allo, tabarau ko saitin Night light: ga wanda zan ce ka ɗauka

Wa'alaikumussalam ɗan'uwa. Ka tambayi abin da zai rage maka gajiyar ido a gaban kwamfuta. A cikin ukun da ka jero, wato filtar da ake maƙalawa a fuskar monita, da tabarau mai tace shuɗin haske, da saitin da ke cikin kwamfutar kanta, ɗauki na ukun. Kada ka sayi komai tukuna. Yana nan cikin na'urarka, ba ya buƙatar ko sisi, kuma duk abin da filta za ta yi maka game da shuɗin haske zai yi, har ya ɗara ta, tunda shi kana iya ƙara shi, ka rage shi, ka kashe shi a lokacin da ka ga dama.

Da shi nake aiki shekara da shekaru. Aikina rubutu ne da gyaran takardu, kuma yawancinsa sai dare ya yi, gida ya yi tsit, nake zama a kai. Tun kafin Windows ta zo da nata, wata 'yar manhaja nake amfani da ita mai suna f.lux, wadda ta fito a 2009. Za ka nuna mata yankin da kake, ita kuma sai ta riƙa bin rana. Da hantsi allon fari tas, rana na faɗuwa sai ya fara komawa ruwan ɗorawa a hankali, har ba ka sanin lokacin da ya sauya. Abin da ya sa na riƙe ta hannu bibbiyu shi ne wani dare da aka turo mini hoto in duba launinsa, sai na kashe ta na ɗan lokaci. Farin da ya fito daga allon nan sai da ya sa na runtse ido na kau da kai. Ashe irin wannan hasken nake zuba wa idona a ɗaki mai duhu kafin in same ta. Ina gama duba hoton na mayar da ita, kuma har yau ba na zaman dare a gaban kwamfuta ba tare da irin wannan saitin ba.

Yanzu ma ba sai ka sauke komai ba. Apple ta saka Night Shift a iPhone a 2016, ta kawo shi Mac a 2017, Microsoft kuma ta saka Night light a Windows 10 ita ma a 2017. A Windows ka shiga Settings, ka danna System, sannan Display, za ka gan shi a nan. Ka saita shi ya kunna kansa daga faɗuwar rana zuwa fitowarta. Yawancin allo yana zuwa da farinsa a kan ma'aunin Kelvin 6500, wato kusan launin hasken rana. In ka sauke shi zuwa wajen 4500 za ka ji sauƙi ba tare da komai ya koma ja ba, masu son ya yi ɗumi sosai kuwa suna kai shi 3400. Kada ka ja shi can ƙarshe tun ranar farko, rubutu zai yi maka dishi-dishi ka ce abin bai yi ba. In aikinka na hoto ne ko zane ko bidiyo, ka kashe shi lokacin da kake daidaita launi, ka kunna in ka gama.

Filta kuwa akwai wata da ke ajiye a wurina. Tana rage shuɗin, ba zan yi mata ƙarya ba, amma tana dushe allon dare da rana, ƙura na shiga tsakaninta da gilashi, kuma in girmanta bai yi daidai da monitarka ba ka shiga uku da ita. Wuri ɗaya na yarda tana da amfani: in akwai taga ko fitila a bayanka da ba ka da ikon kawar da ita, filta marar sheƙi tana kashe ƙyallin da ke dawowa idonka. Wannan maganin ƙyalli ne, ba ruwansa da shuɗi.

To amma ga maganar da na fi so ka riƙe, don ita ce za ta hana ka kashe kuɗi a banza. Ba shuɗin haske ba ne yake gajiyar da idonka. Na san ba haka ake ta faɗa ba, shi ya sa zan ɗan tsaya a nan.

A 2023 cibiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara binciken lafiya ta tace mai ƙwari daga marar ƙwari, ta fitar da nazari a kan tabarau mai tace shuɗi, ƙarƙashin jagorancin masana daga jami'ar Melbourne ta ƙasar Ostareliya. Sun duba gwaje-gwaje 17 da aka yi a kan mutane, inda aka ba wasu tabarau mai tace shuɗi aka ba wasu wanda ba ya tacewa. Ba su ga wani bambanci a gajiyar ido ba. Masu nazarin sun kuma yi bayanin cewa irin wannan gilashin kashi 10 zuwa 25 cikin ɗari kawai yake tarewa na shuɗin, kuma abin da allo ke fitarwa bai wuce kusan kashi ɗaya cikin dubu na wanda muke samu daga hasken rana ba. Ƙungiyar likitocin ido ta Amurka, AAO, ita ma ba ta ba da shawarar sayensa. Mutumin da ke fita rana kullum bai kamata a tsorata shi da cewa monita za ta ƙona masa ido ba.

Abin da ke jawo raɗaɗin nan da jin kamar yashi a ido shi ne rashin ƙiftawa. A zaune haka nan mutum yana ƙifta ido kusan sau 15 a minti ɗaya. Da zarar ya zuba wa allo ido sai ya koma sau 5 zuwa 7, kuma wani ƙiftawar ma rabi ce, fatar idon ba ta rufewa gaba ɗaya. Kowace ƙiftawa tana shafa wa ido ɗan siririn ruwan hawaye da ke kare shi, in ta yi ƙaranci sai ruwan ya bushe, ido ya yi ja, ya fara zafi, wani lokaci ma ya riƙa zubar da hawaye don ya rama bushewar. In fanka ko na'urar sanyaya ɗaki na busa maka a fuska, abin ya ninku. Na biyu kuma akwai wata 'yar tsoka a cikin ido da ke matsewa duk lokacin da kake kallon abu na kusa, ta saki in ka kalli nesa. Ka ɗauka ka miƙe hannu riƙe da kofi, bai da nauyi, amma ka riƙe shi haka awa uku ka ji yadda kafaɗa za ta yi. Ita ma tsokar haka take ji, daga nan ake samun ciwon goshi da ganin hazo-hazo in ka ɗago kai. Babu filtar da ke sa ka ƙifta ido, babu tabarau mai tace launi da ke hutar da wannan tsoka.

Za ka ce to me ya sa ni nake jin daɗin saitin dare. Saboda yana rage kaifin farin allo gaba ɗaya, sai tazarar da ke tsakanin hasken allo da duhun ɗaki ta ragu. Wannan tazarar ce take takura ido. Shi ya sa, ko da ka kunna Night light, ka rage ƙarfin hasken monita ma. Hanyar da nake bi ita ce in buɗe farin shafi in ɗora farar takarda kusa da allon. In allon ya fi takardar haske sosai, sai in rage har su kusa zama ɗaya. Yawancin monita daga kamfani ake turo ta da haske mai ƙarfin gaske don ta ja ido a wurin sayarwa, mutane kuma sai su bar ta a haka har ta tsufa. Sannan kada ka yi aiki cikin duhu ɗungurum. 'Yar fitila a gefe ko a bayan monita, wadda ba ta haska allon kai tsaye, tana kawo sauƙin da za ka ji a daren farko.

Sauran gyaran duk na wurin zama ne. Allon ya kasance nesa da kai kamar tsawon hannunka, wajen santimita 50 zuwa 70, saman allon kuma daidai da idonka ko ƙasa kaɗan, don in kana kallon ƙasa-ƙasa fatar ido tana rufe wani ɓangare na idon, bushewa ta ragu. In rubutu ya yi maka ƙanana, ƙara girmansa, kada ka matso da fuska. Akwai kuma ƙa'idar nan ta 20-20-20 da likitocin ido ke yawan faɗa: bayan kowane minti 20 ka kalli abu mai nisan ƙafa 20, wato kusan mita 6, na tsawon daƙiƙa 20. Ba sai ka riƙe agogo ba. Ni dai duk lokacin da na gama shafi nakan ɗaga kai in kalli can ƙarshen ɗaki ko waje ta taga, in ƙifta ido da gangan sau da yawa. In bushewar ta yi yawa, akwai ruwan ɗigawa na hawayen roba da ake samu a kantin magani, amma ka guji wanda aka ce yana kawar da jan ido nan take, wannan jijiyoyin jini kawai yake matsewa, in ka saba da shi jan yana dawowa ya fi na da.

Inda shuɗin haske yake da magana ta gaskiya shi ne barci. A bayan ido akwai wasu ƙwayoyin halitta da suka fi jin haske mai tsawon zango wajen nanomita 480 (ma'aunin da ke nuna launin haske, nan kuwa shuɗi ne), su ne ke gaya wa ƙwaƙwalwa cewa gari a waye yake, sai ta jinkirta sakin sinadarin melatonin mai kawo barci. Don haka rage shuɗi da dare yana da tushe. Sai dai kada ka ɗora masa abin da ba zai iya ba. Jami'ar Brigham Young a Amurka ta gwada Night Shift a 2021 a kan masu amfani da iPhone kafin kwanciya, ba ta ga bambanci a barcinsu ba tsakanin wanda ya kunna da wanda bai kunna ba. Wanda ke karanta saƙonni da labarai masu tayar da hankali har ƙarfe ɗaya na dare, launin allo ba zai kwantar da shi ba. Rufe kwamfutar da wuri ya fi kowane saiti.

Ba ka tambaya ba, amma dole in ja kunnenka game da masu sayarwa, don abin yana ci mini rai. Za ka ga mai tallar tabarau ko filta ya ciro wata 'yar tocila mai kama da biro da wani farin kati. Zai haska katin ya yi shuɗi, sai ya tare da gilashinsa ya sake haskawa, kati bai canza ba, ya ce ka gani da idonka. Wannan tocilar yawanci haskenta wajen nanomita 405 yake, can gefen shunayya, alhali shuɗin da monita ke fitarwa ya fi ƙarfi a wajen 450. Gilashi na iya tare na farkon gaba ɗaya ya bar na biyun ya wuce kusan duka. Abin da ya nuna maka bai shafi kwamfutarka ba. Haka duk wanda ya ce farin gilashinsa garau yana tare kashi 90 ko 100 na shuɗin haske, ka tafi abinka. In aka cire shuɗi daga farin haske dole abin da ya rage ya koma ruwan ɗorawa ko ruwan lemo, gilashin da ke tarewa da yawa kana ganinsa ka san yana da launi. Wasu kuma da tsoro suke ciniki, su ce allo zai makantar da kai ko 'ya'yanka. Wannan ba ƙananan 'yan kasuwa kaɗai ke yi ba. A Birtaniya hukumar sa ido kan talla ta hana wata tallar kamfanin sayar da tabarau na Boots Opticians a 2015 saboda ta zuzuta haɗarin shuɗin haske ba tare da hujja ba, daga baya a 2017 hukumar da ke kula da masu sana'ar gilashin ido ta ci su tara. Ka lura kuma da wanda zai auna maka ido sannan ya nace sai ka ƙara kuɗi an yi wa gilashin shafen shuɗi. Kana da damar cewa a'a. In za ka ƙara wani abu, shafen da ke hana ƙyalli ya fi amfani.

Kuɗin da ka ware wa tabarau, ka kai su wurin awon ido na gaskiya. Mutane da yawa da ke kuka da kwamfuta ƙaramar matsalar gani ce da su wadda ba su sani ba, idon yana ta ƙoƙarin gyara ta da kansa har ya gaji. In ka kai shekara 40 ko ka haura, ganin kusa yana fara raguwa, wannan kowa yana zuwa masa, kuma gilashin karatu da aka auna daidai da nisan monitarka zai yi maka abin da filta goma ba za su yi ba. Ka faɗa wa mai awon nisan da kake zama daga allon, don na karatun littafi da na kwamfuta ba lallai su zo ɗaya ba.

In kuma monitar ce ta tsufa har kana tunanin canzawa, nemi wadda haskenta ba ya rawa. Wasu monitoci suna rage haske ne ta hanyar kunnawa da kashe fitilun bayansu da sauri sosai, ido bai gani amma wasu mutane suna samun ciwon kai da shi. Za ka ga an rubuta Flicker-Free a kwalin waɗanda ba sa yin haka, wasu da tambarin kamfanin gwajin kaya na TÜV Rheinland. Ka haɗa da fuska marar sheƙi da ƙafar da ake ɗagawa a sauke.

Ka gwada saitin da gyaran wurin zaman na mako biyu. In ciwon kai bai sake ka ba, ko kana ganin abu bibbiyu, ko ido ɗaya yana maka ciwo, ko ganinka ya ragu farat ɗaya, kada ka tsaya neman wata filta, ka je wurin likitan ido, musamman in kana da ciwon suga ko akwai mai hawan jinin ido a danginku. Allah ya ƙara lafiya.