Teburin dattijon da ya fi min manyan rumfuna a baje kolin kuɗi na Berlin

Duk ƙarshen Janairu ko farkon Fabrairu ake yin World Money Fair a otal ɗin Estrel da ke Berlin. Abin da ke fara cin ido shi ne rumfunan gidajen buga kuɗi na ƙasashe, zinariya da azurfa sababbi fil cikin gilashi. Ni ba su ke kai ni ba. Tsofaffin tsabar kuɗi da lambobin tunawa da tarihi nake tarawa, kuma bana na dace da mai sayarwar da nake so 'yan'uwa su nema: wani dattijo Bajamushe mai tebur ɗaya a layin ƙananan dillalai, kayansa cikin akwatunan katako.

Lambar Lusitania ce ta tsayar da ni. Wannan jirgin fasinja ne na Ingila da jirgin ƙarƙashin teku na Jamus ya nutsar kusa da gaɓar Ireland ranar 7 ga Mayu 1915, mutum kusan 1,200 suka mutu. Karl Goetz, wani maƙerin lambobi na Munich a Jamus, ya ƙera lamba a kai: gefe ɗaya jirgin na nutsewa cike da makamai, ɗaya gefen ƙwarangwal na sayar wa fasinjoji tikiti. Sai ya rubuta 5 ga wata maimakon 7. Ingila ta kama wannan kuskure, ta buga kwafi masu ɗimbin yawa ta sayar, don mutane su ɗauka Jamus ta shirya kisan tun kafin ranar.

Ina juya ta a hannu, ban ma taya ba, dattijon ya ce min wannan kwafin Ingila ne, ba ta Goetz ba. Ya miƙo tabarau mai ƙara girma, ya nuna min yadda aka rubuta sunan watan da harafin Y irin na Ingilishi, ya nuna kaushin zubin ƙarfen. Kuɗin kwafi ya karɓa. Wallahi da ya yi shiru da na biya fiye da haka ina murna. A sana'ar da jabu ya yi yawa, irin wannan mutum ake riƙewa hannu bibbiyu.

Akwatinsa na Afirka a cakuɗe yake, sai ka zauna ka tona. Amma tonon ya biya. Na samu kwabo mai huji na 1936 ɗauke da sunan Edward na 8, sarkin da ya sauka daga gadon sarauta a Disambar shekarar. A Ingila kanta kuɗi mai sunansa bai shiga hannun jama'a ba, amma kakanninmu sun sayi goro da shi a Kurmi. Na kuma samu anini na 1907, na alminiyam, mai tauraro mai tsini shida da rubutun Larabci. Bai jure yanayinmu ba, shi ya sa a 1908 aka koma gaurin tagulla da nikel, kuma samun wanda bai ci ba sai an sha wuya. Nawa ya ɗan ci a baki, ya faɗa min, ya rage kuɗi.

Da na ɗauki liyari mai hoton Maria Theresa, sarauniyar Austria, ma haka ya yi. Ya ɗora a sikeli, giram 28, sannan ya tuna min cewa 1780 da ke jiki ba shaidar tsufa ba ce, domin duk wanda aka buga bayan rasuwarta wannan shekarar yake ɗauke da ita. Ya ce in biya kuɗin azurfa kawai.

Abu biyu ban ji daɗinsu ba. Wasu tsabar an goge su har suna walƙiya, alhali gogewa na kashe daraja, kuma bai ware su daban ba. Sannan ba ya karɓar kati, sai tsabar Yuro a hannu. Wanda zai je ya tanadi kuɗinsa tun daga gida, ya kuma yi sammako, don bayan azahar taro ba ya barin mutum ya zauna gaban akwati.