Zoben Baikona Na Safaya Mai Kore Da Shuɗi: Yadda Na Same Shi

Duk wanda ya ga zoben nan a hannuna sai ya tambaye ni wane dutse ne. In na ce safaya ne sai a ɗan yi jim, don yawancin mutane shuɗi zalla suka sani, irin na zoben Gimbiya Diana na 1981, wanda Yarima William ya ba Kate a 2010. Nawa kuwa tsakanin kore da shuɗi yake, daga Ostireliya aka haƙo shi.

Asalin dutsen sunansa korandam, kuma in babu gauraye a cikinsa ba shi da launi sam. Ɗan burbushin wasu ma'adinai ne ke rina shi: ƙarfe da titaniyam su ba da shuɗi, ƙarfe shi kaɗai ya ba da rawaya, kuromiyam ya ba da ruwan hoda. In kuromiyam ɗin ya yi yawa har dutsen ya koma ja sosai, to sunansa ya tashi daga safaya ya koma jan yaƙutu. Akwai wani mai tsada ƙwarai da ake kira fadfarasha, tsakanin ruwan hoda da ruwan lemo, wanda aka fi sani da Siri Lanka. Na kalle shi, na yaba, na wuce.

Ta fuskar ƙarfi ba ni da ƙorafi ko kaɗan. A ma'aunin Mohs, wanda ake auna taurin duwatsu da shi, safaya na da 9, daimon mai 10 ne ke sama da shi. Ni ba mai cire zobe ba ce, da shi nake wanki da girki da jan ƙofar mota, kuma har yau in na duba fuskarsa da madubin ƙara girma ban ga ƙarzuwa ba. Zinariyar ce ma ta fara nuna gajiya.

Inda nake so mai saye ya natsu shi ne launi. Hoton intanet kada ya ruɗe ka. Mai sayarwa yana ɗaukarsa ne ƙarƙashin fitila mai ƙarfi, ta kusurwar da dutsen ya fi kyau. Na farko da aka aiko mana ya yi kyau a hoto kamar a lashe, amma da na ɗora shi a yatsa sai na ga fatata ta tsakiyarsa ƙarara. Masu sana'ar suna kiran wannan taga: an yanka ƙasan dutsen ba zurfi, haske na zarcewa ba ya dawowa ido, launin sai ya taru a gefe-gefe. Dalili kuwa, masu yankan duwatsu masu launi sukan fi kula da kada nauyi ya ragu. Muka mayar. Gaskiya ba su ja da mu ba, sai dai kuɗin aikawa a kanmu ya faɗa, abin da ba su faɗa tun farko ba.

Na biyun, wanda ke hannuna, da safe a bakin taga kore ne ke rinjaye, da la'asar shuɗin ya taso. Wannan sauyin shi na fi so a tattare da shi. Amma da dare, ƙarƙashin ƙwan lantarki mai ja-ja, yakan yi duhu har ya kusa komawa baƙi. Safayan Ostireliya an san su da haka saboda yawan ƙarfen da ke cikinsu. Ni na saba, amma mai son zobe ya riƙa walƙiya a wajen biki da dare ta nemi mai hasken launi, irin na Siri Lanka ko Madagaska, ko kuwa ta tsaya kan daimon ɗinta. Safaya ba ya tartsatsin wuta irin na daimon, kyansa a launi yake.

Sai batun gashi da wuta. Mafi yawan safayan da ke kasuwa an gasa su da wuta mai tsanani don launin ya fito, kuma wannan ba ha'inci ba ne muddin an faɗa, launin ba ya komawa. Nawa ma gasasshe ne, shi ya sa muka iya sayensa, don wanda wuta ba ta taɓa ba kuɗinsa na ninkawa. Abin gudu shi ne wanda aka cusa wa sinadarin beriliyam lokacin gashin, dabarar da ta ɓulla a Tailan a farkon shekarun 2000, wadda ke mayar da dutse maras kyau rawaya ko ruwan lemo mai ɗaukar ido. Ido ba ya gane wannan. Ba ya kuma gane wanda aka haɗa a masana'anta, sana'ar da ta haura shekara 100. Don haka muka nace sai an ba mu takardar shaida ta GIA, cibiyar tantance duwatsu masu daraja ta Amurka, muka kuma duba lambarta a shafinsu kafin mu biya.

Wani ƙaramin abu: safaya ya fi daimon nauyi, saboda haka karat ɗaya nasa (karat ma'aunin nauyin dutse ne) ya fi na daimon ƙanƙanta a ido. A tambayi faɗinsa a milimita.

Abin da ke damuna yanzu datti ne. Man shafawa da sabulu na taruwa a ƙarƙashinsa, nan da nan ya dushe, sai na jiƙa shi a ruwan ɗumi na goge da tsohon buroshin haƙori mai laushi. Ƙafafun da ke riƙe da shi kuma sun yi tsini, suna kama zaren tufafi, zan kai wa maƙeri ya danne su.