Bitamin D da Ƙashin Yara Masu Ciwon Sukari: Yadda Abin Yake a Ingila

Yaya, bayan gaisuwa da fatan iyali suna lafiya, ga bayani a kan bitamin D da ka ce in aiko wa yaronmu, tun da ka ji cewa ciwon sukari yana raunana ƙashin yara.

Maganar tana da tushe. Insulin, sinadarin da ke sauke sukarin jini, yana cikin abubuwan da ke gina ƙashi, kuma yaron da sukarinsa ya daɗe a sama yakan zubar da kalsiyam, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, ta fitsari, don haka ƙashinsa ba ya samun ƙwarin da ya kamata a shekarun girma. Shi ya sa karaya ta fi saurin samun masu ciwon sukari nau'i na ɗaya, wato wanda jiki ba ya samar da insulin. Aikin bitamin D kuwa shi ne taimaka wa hanji ya tsotsi kalsiyam daga abinci.

A nan Birmingham, daga Oktoba zuwa Maris rana ba ta da ƙarfin da zai sa fata ta samar da wannan bitamin, saboda haka hukumar lafiya ta NHS take ba da shawarar shan maikirogiram 10 kullum a waɗannan watanni, mu baƙaƙen fata kuma a duk tsawon shekara. Ana sayar da shi da araha a kowane kemis da manyan kantuna, na ɗigawa a bakin jariri da na taunawa, ba sai da takardar likita ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne kulawar da ake ba ciwon kansa. Insulin kyauta ne ga yaro, haka allurai da kayan gwaji, kuma tun 2022 ƙa'ida ta tanadi a ba kowane yaro mai nau'i na ɗaya 'yar na'urar da ake mannawa a damtse ko a ciki, mai kama da babban maɓalli, wadda ke aika adadin sukarinsa zuwa waya dare da rana. Duk bayan wata uku ake duba shi a asibiti. Hoton auna ƙwarin ƙashi dai ba a cika yi ba sai da dalili, kamar yawan karaya.

A gida lamarin ya sha bamban, domin rana ba ta yi mana ƙaranci ba. Binciken da Dakta Tom Thacher da abokan aikinsa suka yi a Jos, wanda aka wallafa a 1999, ya nuna cewa yaran da ƙafafunsu suka lanƙwashe sun fi warkewa da kalsiyam a kan bitamin D shi kaɗai, saboda tuwon masara da na dawa ba su da kalsiyam mai yawa. A ganina, abin da yaronmu ya fi buƙata yana kusa da ku: nono da kindirmo marasa sukari, miyar kuka, zogale, ƙananan kifi da ake ci har da ƙaya, da wasa a waje.

Bitamin ɗin zan aiko, amma a nuna wa likitansa kafin ya fara sha, domin yawansa yana cutar da ƙoda. Kuɗin da ke hannunku kuma ina roƙonka a sa su a insulin da kayan gwaji, kada allurar ta yanke ko da na kwana ɗaya, kuma idan aka ɗauke wuta a ajiye ta a sanyin randa, nesa da rana.