Shutterstock, Adobe Stock, iStock ko Alamy: ina mai hoto na Kabi zai kai hajarsa?

Wani yaro da ke koyon aiki a shagona a Birnin Kebbi ya miƙo mini wayarsa ran nan, wai in kalli bidiyon wani da ke cika baki cewa yana kwance dala na shigo masa, don kawai ya zuba hotuna a intanet. Ya ce, "Oga, mu da muke da Argungu a bayan gida, me muke jira?" Na ce ya jawo benci. Sana'ar gaskiya ce, ni ma ina taɓawa, amma abin da mai bidiyon ya ɓoye ya fi abin da ya faɗa yawa, kuma kuskuren farko da akasarin mutane ke yi shi ne zaɓen kamfanin da ya fi ambaton kaso mai tsoka ba tare da duba ko yana karɓar irin hotunan da ke hannunsu ba.

Waɗannan kamfanoni dillalai ne. Kai ka ɗauki hoto, ka ɗora a rumbunsu, wata jarida a Ingila ko wani kamfanin talla a Legas ya biya kuɗin izinin amfani da shi, hoton kuma yana nan naka, gobe wani ya sake biya. Sai dai a kara mai saniya ne ke tafiya da kuɗi, dillali ya karɓi la'ada. A wannan kasuwa kai mai kaya kai ne ke karɓar la'ada. Rajista kyauta ce a dukkan huɗun da zan yi magana a kansu, don haka duk wanda ya ce ka turo kuɗin buɗe asusu, ka san da wa kake magana.

Kafin sunan kowane kamfani, ka raba hotunanka gida biyu. Akwai hoton talla, akwai hoton labari. Hoton talla shi ne wanda kamfani zai iya mannawa a allon talla ko a jikin buhu, kuma sharaɗinsa shi ne duk mutumin da ake iya gane shi a ciki sai ya sa hannu a takardar amincewa, idan yaro ne mahaifinsa ko mai kula da shi ya sa, kuma kada tambarin wani kamfani ya fito, ko da na jikin babur ne ko na rigar ƙwallo. Hoton labari ba ya neman wannan takarda, amma jaridu da littattafai da makamantansu kaɗai ke iya amfani da shi, kuma dole ka rubuta gari da ƙasa da ranar da aka ɗauka da abin da ke faruwa, ba ka goge komai a ciki ba, ba ka ƙara ba. To ka tuna ranar kamun kifi ta bikin Argungu a kogin Matan Fada, dubban masunta sun ruga cikin ruwa da homa da gora. Wa za ka bi da biro? Kasuwar Jega, kwale-kwalen Rigata a Yauri, bikin Uhola a Zuru, hawan salla, duk hoton labari ne. Yawancin abin da ke cikin kyamarar ɗan Kabi a wannan gida yake, kuma wannan ne ya kamata ya yanke maka hukunci.

Shutterstock, wanda Jon Oringer ya kafa a New York a 2003, shi ne ƙofar da ta fi sauƙin shiga. Yana karɓar talla, yana karɓar labari, hoto ya kai megafiksel 4 kawai, wanda kowace waya ta zamani ta wuce. Masu saye suna da yawa, saboda haka nan ne za ka fi saurin ganin an sauke hotonka, abin da ke ƙarfafa gwiwar sabon shiga. Ciwon yana wajen kuɗi. Tun tsakiyar 2020 suka koma tsarin matakai, daga kashi 15 cikin ɗari zuwa 40. Saukewa ɗari na farko a kashi 15 kake, sai ka haura zuwa 20, a hankali har 40 ga wanda ya wuce saukewa 25,000. Ranar 1 ga Janairu kuma kowa ya koma matakin farko, kamar tsanin da ake janyewa duk shekara. Sau da yawa abin da ke faɗowa a hoto ɗaya santi 10 ne, wato kashi ɗaya cikin goma na dala. Ba a fitar da kuɗi sai sun kai dala 25. Ka yi lissafi da kanka: a santi goma-goma, sai an sauke sau 250. Wani lokaci lasisi mai tsada kan faɗo ya gyara wata, amma ba a kafa tukunya da shi.

Adobe Stock ya fi daɗin lissafi. Kashi 33 a hoto, 35 a bidiyo, ba hawa ba sauka, ba a mayar da kai baya a Janairu. Adobe ya shiga wannan harka ne da sayen wani dillalin hotuna mai suna Fotolia, kuma ƙarfinsa shi ne rumbun yana haɗe da Photoshop da sauran manhajojinsa, mai zane yana cikin aiki yake neman hoto ya saya. Shi ma dala 25 ne iyakar cirewa, bayan kwana 45 da cinikin farko. A ganina, hoto da hoto, Adobe ya fi Shutterstock biya. Amma ga inda gizo ke saƙar: ba ya karɓar hoton labari mai ɗauke da fuskokin mutane. Duk abin da ka ɗauko a Argungu, in dai ana gane mutum kuma ba takarda, za a dawo maka da shi. Abin da zai ci a can shi ne gonar shinkafa a fadama da hantsi, tulin albasar Aliero, kifi a kan waya ana banda, hannun mai casa ba fuska, ƙwaryar fura, faɗuwar rana a bakin Neja, ko kuma ƙanenka da ya yarda ya sa hannu ka ɗauke shi yana danna waya a gona. Wannan na ƙarshe kada ka raina shi. Masu talla suna neman hoton ɗan Arewa yana rayuwarsa ta yau da kullum, ɗan kasuwa da na'urar POS, malama a aji, manomi da injin ban ruwa, kuma irinsa bai cika rumbun ba kamar hoton fure da gajimare.

iStock na Getty Images ne, wanda ya saye shi a 2006. Ba kai tsaye ake shiga ba, sai ka tura samfuri ta manhajarsu su duba. Wanda bai keɓe musu kansa ba kashi 15 yake samu a hoto, kuma ba a biya sai kuɗi sun kai dala 100. Ga mai hotuna ɗari biyu, wannan jira ne mai tsawo. Za su kwaɗaita maka kashi 25 zuwa 45 idan ka yarda ka zama nasu su kaɗai, wato ka janye hannu daga sauran dillalai. Ban ba sabon shiga shawarar wannan ba ko kaɗan, don ba ka san inda hajarka ke tafiya ba tukuna. A Janairun 2025 ma Getty da Shutterstock sun sanar da shirin haɗewa, alamar cewa dillalan raguwa suke yi, ba ƙaruwa ba.

Alamy shi ne na fi daɗewa ina yi wa yaron bayani, domin shi ya fi dacewa da mu. Kamfanin Ingila ne tun 1999, kuma a 2020 PA Media Group, masu kamfanin dillancin labarai na can, suka saye shi. Abokan cinikinsa jaridu ne da mujallu da masu buga littattafan makaranta, mutanen da ke neman takamaiman abu: bikin Argungu da UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2016, gidan tarihi na Kanta, girbin shinkafa a jihar da aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a Nuwamban 2015. Editan da ke neman wannan ba zai sami hotuna dubu ya zaɓa ba, kuma Bature mai yawon buɗe ido ba zai kwana a Suru yana jiran ranar yankan shinkafa ba. Kai kana nan. A tsarin da suka kawo a 2021, sabon shiga yana farawa da kashi 40, amma idan shekara ta zagayo cinikinsa bai kai dala 250 ba sai a sauke shi zuwa 20. Ciniki a Alamy ba kullum ba ne, ana iya yin watanni shiru, sai dai in ya zo yakan fi na santi goma nesa ba kusa ba. Kuɗin kuma ba sa zama naka sai mai saye ya biya su tukuna. Ga tsanani wajen tantancewa: hoto ɗaya ya faɗi, sai a mayar da duk tarin da ka tura tare. Abin da ya fi kayar da mu ƙura ce. Ka canza gilashi a fili lokacin hunturu, ɗigon ƙura ya zauna a idon kyamara, ya fito a sararin samaniyar kowane hoto. Na taɓa rasa aikin yini guda saboda haka, bayan na ƙone data wajen ɗorawa. Tun daga nan sai na buɗe kowane hoto ƙwarai a kwamfuta na bi shi lungu-lungu. Wanda waya kaɗai gare shi ya fara da Shutterstock da Adobe, ya bar Alamy sai ya sami kyamara.

Akwai ƙanana irin su Dreamstime, ba laifi ka zuba a can in kana da rarar data. Unsplash da Pexels da Pixabay kuwa kyauta ake ɗauka, ba sisi a ciki.

Hanyar da kuɗin zai iso ka ita ce abin da mai bidiyon bai taɓa ba ko da wasa. An yi shekaru da dama a baya asusun PayPal na Najeriya biya ake yi da shi, ba a karɓa, shi ya sa masu wannan harka a nan suka dogara da Payoneer, wanda Shutterstock da Adobe da iStock duk suna biya ta cikinsa, daga nan ka juya zuwa bankinka. Ka buɗe shi tun kafin ka ɗora hoto ɗaya, da katin shaida na gwamnati, kuma sunan da ke kansa ya yi daidai da na asusun dillali da na banki harafi da harafi. Mu da muke Muhammad a takarda ɗaya, Mohammed a wata, Mamman a gari, nan ake tuntuɓe. Sannan akwai takardar haraji ta Amurka, W-8BEN, da za ka cika. Najeriya ba ta da yarjejeniyar haraji da Amurka, saboda haka duk cinikin da mai sayensa yana can, za a cire kashi 30 daga abin da ya rage maka. Santi goman nan ya koma bakwai.

Bayanin hoto da kalmomin nema da Turanci ake rubuta su, kuma nan ne rabin aikin yake. Hoton da ba a rubuta masa Argungu, Kebbi, Nigeria, da sunan abin da ake yi a ciki ba, tamkar buhu ne ba lamba a tashar mota. Ka sa har kalmar gida, fadama, homa, don mai bincike kan neme ta haka.

Sauran magana ta amana ce, kuma ba kamfanin da zai tsare maka ita. Hoton bikin da aka biya ka ka ɗauka ba naka ba ne na sayarwa, amaryar mutane ba haja ba ce. Matan aure da yaran allo ba a ɗauke su a ɓoye don kawai dokar hoton labari ba ta nemi takarda ba. Takardar amincewar ma sai ka fassara wa mutum ita ƙeƙe da ƙeƙe, domin da zarar ya sa hannu, fuskarsa na iya fita a tallan banki ko na magani a ƙasar da bai taɓa jin sunanta ba, kai kuma ba ka da ikon hanawa. Na taɓa yi wa wani dattijo mai albasa wannan bayani a Aliero. Ya saurara har na gama, ya ce, "Yaro, in albasa suke so ga ta nan, ɗauki har ka gaji. Fuskata kuwa bar mini abata." Na ce, "To Baba, hannu fa?" Ya yi dariya ya miƙo hannayen cike da albasa. Wannan hoto ya shiga Adobe ba tare da wata takarda ba.

Game da hotunan da na'ura ke ƙirƙira, Adobe yana karɓarsu in an yi musu alama, Getty da Shutterstock ba sa karɓa daga masu ɗorawa. Sun cika kasuwar hoton talla, shi ya sa kwanon tumatir a kan tebur ya rage daraja. Jarida kuwa ba za ta buga ƙirƙirarren Sarkin Ruwa ta ce labari ne ba.

Abin da na tsara wa yaron ke nan. Tun da ba ɗayansu da ya hana ka kai hoto ɗaya wurare da yawa muddin ba ka keɓe kanka ba, hotunan taro da kasuwa su tafi Shutterstock yanzu, su tafi Alamy ranar da na fara ba shi aron kyamara. Na gona da abinci da waɗanda ke da takarda su tafi Adobe da Shutterstock tare. iStock ya jira sai rumbunsa ya yi kauri. Ya karanta yarjejeniyar kowanne ranar rajista, don suna canza kaso ba tare da neman shawarar kowa ba. Aikin biki da na fasfo kuma kada ya saki ko ɗaya, da su zai sayi datar. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Oga, to dala 25 ɗin nawa ce a yau?" Na ce ya fara gyara sunansa a banki tukuna.