Gargaɗi kan asid ɗin gwaji mai algus da ake tallatawa a intanet

Wannan gargaɗi ne ga malaman kimiyyar sinadarai da masu kula da ɗakunan gwaje-gwaje. Akwai wani mai talla a intanet da ke sayar da asid ɗin HCl a kwalabe, yana cewa an riga an daidaita ƙarfinsa, kuma kowace kwalba tana zuwa da takardar shaida mai hatimi wadda aka rubuta wa mol 0.100000 a kowace lita (mol shi ne ma'aunin yawan sinadari). Na sayi kwalba huɗu, na kuma tarar an yi wa asid ɗin algus da ruwa.

Tun daga takardar ya kamata in farga. Buret, wato bututun gilashi mai tsage-tsagen awo da ake sakin ruwa ɗigo-ɗigo da shi, mai cin mililita 50 an tsaga ta ne a kan mililita 0.1, mai ido kuma yana ƙiyasta lamba ɗaya a bayan wannan, saboda haka muhimman lambobi huɗu, wato lambobin da awo ya tabbatar, ake samu daga irin wannan awo, kamar 24.51. Wanda ya jera lambobi shida bai kuma faɗi hanyar da ya bi ya same su ba, yana neman ya cika wa mai saye ido ne da sifili. Bugu da ƙari, takardun huɗu duk lambar rukuni ɗaya ce da su, har ɗigon tawadar da ke gefen hatimin yana wuri guda a kan kowace.

Ga yadda na auna, domin kowa ya iya maimaitawa. Da farko na tantance ƙarfin ruwan NaOH ɗina, wato sinadarin alkali (kishiyar asid) da zan auna asid ɗin da shi, da gishirin KHP da ake amfani da shi a matsayin ma'auni, wanda nauyin mol ɗinsa giram 204.22 ne, domin NaOH yana zuƙar danshi da iskar kabon dayokzaid, ba a dogara da nauyinsa na sikeli kaɗai. Na sami mol 0.1020 a kowace lita. Sai na ɗebi mililita 25.00 na asid ɗin da fifet, wato bututun ɗibar ruwa daidai awo, na ɗiga fenolftalin, sinadarin da ke sauya launi idan asid ya ƙare, sau biyu, na riƙa sakin NaOH ɗigo-ɗigo ina kaɗa tulun. Da yake mol ɗaya na HCl mol ɗaya na NaOH yake cinyewa, asid na gaskiya zai buƙaci mililita 24.51. Amma launin ruwan hoda mai haske ya bayyana ya tsaya tun a 19.85. Na maimaita sau uku, bambancin bai wuce 0.05 ba.

Lissafin ba shi da wuya: a ninka 0.1020 da 19.85, a raba da 25.00. Kalkuleta za ta nuna 0.080988, amma tun da kowane awo muhimman lambobi huɗu gare shi, amsar da ta halatta ita ce 0.08099, sifilan farko kuwa ba sa shiga ƙidaya. Ke nan kusan kashi 19 cikin ɗari na asid ɗin da aka yi alkawari babu shi a kwalbar.

Da na tuntuɓi mai tallar, ya ce NaOH ɗina ne ya lalace. Ina roƙon kada wannan hujja ta ruɗi kowa, domin ta juya wa gaskiya baya: NaOH da ya zuƙi iska rauni yake yi, mai rauni kuwa da yawa ake zuba shi kafin launi ya sauya, alhali ni kaɗan na zuba. Da na rubuta masa wannan bayani, ya daina amsa saƙo, washegari kuma tallar ta sake fitowa da wani suna da hotunan nan dai na farko.

Abin da ya fi damuna shi ne ɗalibai. Duk wanda ya ɗauki wannan asid a matsayin ma'auni don gano ƙarfin wani sinadarin alkali zai zuba fiye da kima, amsarsa ta haura gaskiya da kusan kashi 23 cikin ɗari, ya kuma zaci hannunsa ne bai ƙware ba. Wanda ya riga ya sayi irin wannan kwalba ya auna ta tukuna, ya manna mata ƙarfin da ya samu da ranar awon, sannan ya sake duba duk makin da ya ba ɗalibai a gwajin da aka yi da ita.