Ajin Asabar na Agege, inda ake mayar da furojet maƙalar mujalla

Yaranmu da ke karatu a Jami'ar Legas ta Akoka da Jami'ar Jihar Legas (LASU) ta Ojo sun sha tambayata ko ajin rubutun bincike da wata malamar jami'a ke yi ran Asabar a Agege ya ci kuɗinsa. Ya ci, amma ba ga kowa ba. Mai neman a rubuta masa shi dai ya sa suna, ya ƙara gaba, don Malama ko jimla ɗaya ba ta rubuta wa mutum.

Aikin ajin shi ne a ɗauko furojet ɗinka na kammala digiri, wanda ƙura ke ci a kan kanta, a tace shi har mujallar ilimi ta karɓa. Nawa a kan fataucin goro ne, tunda goro na cikin abin da ya zaunar da kakanninmu a Agege. Babi guda na cika da maganganun Turawa, hirar da na yi da dattawan Zango kuwa tana can ƙarshe a takure. Malama ta sa jan biro ta ratsa babin tun daga sama har ƙasa.

"Ɗana, wannan kowa zai kwaso shi a laburare. Wa dillalin goro zai zaunar a tabarma ya ba shi labarin bashi da amana, in ba kai ba?"

Nan ajin ya fi ƙarfi. Ta sa na rubuta hirarrakin da Hausa yadda suka fito daga baki, fassarar Turanci na biye. Ta kuma mayar da ni wurin dattawan, na karanta musu abin da na ce sun ce, na nemi izininsu. Wani tsoho ya gyara mini lissafin huhun goro, wani ya ce a cire sunansa saboda zancen bashi ne, aka cire. Takan kawo misalin Mawori, 'yan asalin ƙasar Niyu Zilan, waɗanda cibiyarsu ta bincike da aka kafa a Jami'ar Okland a 2002 ta sa wa kanta burin samar da masu digirin dakta 500, don su daina zama waɗanda baƙi kaɗai ke rubutu a kansu.

Sauran abubuwan aikin hannu ne. Mun buɗe ORCID, lambar shaidar mai bincike, kyauta. Mun koyi Zotero, wata manhajar kwamfuta, don jera manazarta. Ta nuna mana yadda ake laluben mujalla a AJOL, rumbun mujallun Afirka da ya fara a 1998, da kuma DOAJ, jerin mujallun duniya da ake karantawa kyauta a intanet. Gargaɗinta kullum ɗaya ne: mujallar da ta turo maka imel tana kirari, ta ce turo kuɗi a buga cikin sati, ta 'yan damfara ce, domin tantancewar gaske wata da watanni take ci.

Aibu kam akwai. Kana iya tura gyara ta WhatsApp ka yi ta zuba ido har wata Asabar ta zagayo, ita kaɗai ce kuma ga aikin jami'a. 'Yan kimiyya da injiniya ba su samun abin kirki, fanninta zamantakewa ne da tarihi. Ɗakin ma ba iska, in an ɗauke wuta sai fifita da takarda. 'Yan mata masu zuwa daga Alaba Rago sukan tashi kafin a gama saboda cunkoson hanya, ya kamata a riƙa farawa da hantsi.

Maƙalata ta dawo daga masu tantancewa da shafi biyu na suka, har na yi niyyar watsar da ita. Malama ta zauna da ni muka amsa su ɗaya bayan ɗaya, wanda ba mu yarda da shi ba muka kawo hujja cikin ladabi. Yanzu maƙalar tana hannun edita. In za ka je, cika cajin kwamfutarka tun daga gida, ka kuma riƙo muryoyin hirarrakin da ka naɗa, su take fara tambaya.