Gargaɗi Kan Dillalan Bogi Masu Sayar Da Manhajar Tafiyar Da Kamfani

Ina jan hankalin masu matsakaitan kamfanoni da akantocinsu, musamman waɗanda ke shirin barin Excel su koma manhaja guda da za ta haɗa musu lissafin kuɗi da kayan sito da albashi da ciniki, cewa akwai 'yan damfara da ke fakon su a daidai wannan gaɓa ta zaɓe. Na ga hakan da idona a wani kamfanin rarraba kaya da nake duba wa littattafan kuɗi.

Mutumin ya zo ne a matsayin wakili, katinsa ɗauke da tambarin manyan kamfanonin manhaja, SAP da Oracle da Microsoft, a jere. Ya baje musu takardar kwatanta manhajoji mai kyan gani, ya ce SAP Business One ta fi ƙarfin aljihunsu, Dynamics 365 Business Central kuma sai an riƙa biya kan kowane ma'aikacin da zai shiga, sannan ya fito da tasa hajar, wato lasisin NetSuite na har abada, biya ɗaya an wuce wurin. A nan ya kamata a farga, domin NetSuite, wadda Oracle ya saya a 2016, ta intanet take aiki kuma kuɗin haya ake biya a kai a kai, babu mai iya sayar maka da ita kacokan. Amma araha ta rufe wa shugabannin ido, kuma babu wanda ya so a ce shi ne ya hana ruwa gudu.

Abin da ya girka musu ashe Odoo Community ce, wadda kamfanin Odoo na ƙasar Beljiyam ke bayarwa kyauta, sai ya sauya mata launi ya liƙa wani tambari. Manhajar kanta ba ta da laifi, tana ma aiki, kuma hakan ne ya sa aka daɗe ba a gano ba. Tarkon yana wani wuri dabam: a kan kwamfutarsa ya ajiye duk bayanan kamfanin, kuma shi kaɗai ke riƙe da babbar kalmar sirri. Da aka ƙi biyan wani kuɗin kulawa da ya ƙirƙiro daga baya, sai wata safiya mai kula da sito ya buga kalmar sirrinsa sau uku ta ƙi shiga, ga motoci a bakin ƙofa suna jiran lodi, ba a san bashin da ake bin kowane abokin ciniki ba.

Duk wanda ya ce muku shi wakili ne, ku nemi sunansa a jerin abokan hulɗa da ke shafin kamfanin da ya ƙera manhajar, kuma ku rubuta wa kamfanin ta adireshin da kuka samo da kanku, ba wanda dillalin ya ba ku ba. Lasisi ya fito da sunan kamfaninku, babbar kalmar sirri ta kasance a hannunku tun ranar farko, biya kuma ya zama kashi-kashi gwargwadon aikin da aka kammala. Kafin kashin ƙarshe, ku sa akantanku ya sauke dukkan bayanan da hannunsa, ya buɗe su a wata kwamfutar, ya tabbata sun cika.

Kamfanin da nake magana a kai bai yi haka ba, don haka sai da ma'aikatansa suka zazzage kwalayen rasit da takardun lodi, suka sake shigar da cinikin watanni ɗaya bayan ɗaya.